Tarihin Wuta-wuta da Yaƙin da Ake Yi da Ita

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Batsari ya aiko da takarda, yana cewa wuta-wuta ta hana gero da dawa yin kirki a gonakinsu da na maƙwabtansu na Safana. Shin daga ina ta samo asali, kuma an taɓa cin ƙarfinta a wani wuri?

AMSA: To Malam, ita dai wannan ciyawa, wadda wasu ke kira ƙuduji, ba baƙuwa ba ce. Masana kimiyya suna kiranta Striga, kuma suna ganin asalinta daga yankin Sudan da Habasha ne, inda ita kanta dawa ta fito.

Yadda za ka gane ta tun da wuri shi ne, ka ga hatsi ya tsumbure yana yaushi alhali ga damshi a ƙasa. Kafin furen nan nata mai ruwan hoda ya bayyana, ta riga ta yi makonni a ƙarƙashin ƙasa tana maƙale da saiwar hatsi tana tsotse shi. Tushe ɗaya kan zubar da iri dubbai, ƙanana kamar ƙura, kuma irin kan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10. Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. A 1966 aka fara gano wannan sinadari, a jikin saiwar auduga.

To a nan ne tarihin ƙasarku ya shigo. Auduga da gyaɗa suna ta da irin wuta-wutar hatsi, amma ba ta iya kama saiwarsu, sai ta mutu da yunwa. Ka ga ke nan lokacin da manoman ƙasar Katsina ke juya gona tsakanin hatsi da gyaɗa da auduga, suna kuma barin saura ta huta, Fulani na sauka da shanu suna zuba taki, maganinta suke yi ko ba su sani ba. Fari na 1973 da cutar da ta halaka gyaɗa a Arewa a 1975 sun karya noman gyaɗa. Jama'a ta ƙaru, hutun gona ya ragu, aka koma shuka hatsi bisa hatsi kowace damina. Wuta-wuta kuwa ba abin da take so irin gajiyayyiyar ƙasa.

Batun cin ƙarfinta, an yi a Amurka. A 1956 aka tabbatar da wata 'yar'uwarta a gonakin masara na jihohin Karolina biyu, ta mamaye eka fiye da 400,000. Hukuma ta hana fitar da ƙasa da amfanin gona daga wurin ba tare da bincike ba, aka riƙa ɗura wa ƙasa iskar etilin don irin ya tsiro ya mutu. Sai da aka shafe gomman shekaru kafin aka kusa kawar da ita.

A nan gida, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya da cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, sun fitar da irin masara da wake masu jure mata, domin shi ma wake yana da tasa wuta-wutar daban. A 2009 kuma wani masani ɗan Habasha, Gebisa Ejeta, ya sami babbar kyautar abinci ta duniya saboda irin dawa mai jure fari da wuta-wuta.

Saboda haka Malam, ka cire ta kafin ta yi iri, ka tara a wajen gona ka ƙone, kada ka yar a kunya. Ka zuba takin gida, ka riƙa juya gonar da waken suya ko gyaɗa, ka nemi iri mai juriya wurin malaman gona. Ku yi aikin tare da maƙwabta, don iska da ruwa da kofaton dabbobi ba su san iyakar gona ba. Ba aikin damina ɗaya ba ne. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.