Ziyarar Kasuwannin Amfanin Gona da Wuraren Tarihi Daga Babban Giji

Babban Giji ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Tarauni a Jihar Kano. Ita da maƙwabtanta irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku suna kusa da manyan hanyoyi biyu da ke fita daga birni, wato Titin Zariya da ya yi kudu, da Titin Maiduguri da ya yi gabas. Wannan ne ya sa muka ɗauki yankin a matsayin mafarin tafiya ga ƙungiyoyin manoma da makarantu da jami'an ƙananan hukumomi masu niyyar zagaya kasuwannin amfanin gona da wuraren tarihi na jihar.

A ƙasashe irin su Amurka akwai masu yin irin wannan balaguro cikin wata babbar mota mai gado da wurin girki, su kwana duk inda dare ya yi musu. Ba mu da wannan al'ada a nan, kuma ba mu da buƙatarta sosai, domin kusan duk wuraren da za mu ambata ana iya zuwa a dawo a wuni ɗaya. Abin da aka saba shi ne jama'a su yi karo-karo su ɗauki shatar bas a tasha, kamar Tashar Unguwa Uku. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023 kuɗin mota ya tashi ƙwarai, saboda haka ya kamata a gama ciniki da direba tun kafin ranar tafiya, a kuma fayyace ko kuɗin mai yana cikin jinga ko ba ya ciki.

Hanyar Zariya

Wannan ita ce hanyar da ta fi amfani ga manomi. Da an bar Gyaɗi-Gyaɗi, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, ba za a yi nisa ba sai a isa Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa. A nan ake sauke lemo da ayaba da abarba da mangwaro, yawancinsu daga jihohin tsakiya da kudancin ƙasar nan. Da sassafe ake cin moriyarta, lokacin da manyan motoci ke sauke kaya, 'yan sari kuma ke rububi.

Bayan an wuce Tamburawa sai Karfi, garin da matafiya suka sani da masara a bakin titi, sannan Kura, mai nisan kimanin kilomita 30 daga birni. Kura ta yi suna a fannoni biyu. A da can garin marina ne, kuma daga nan sunan rawani ɗan Kura ya samo asali, wanda Buzaye ke saye har cikin Sahara. A yau kuwa an fi saninta da noma da gyaran shinkafa. Baƙon da ya zagaya cikin garin zai ga mata suna turara shanshera, ana shanya ta a fili, injuna kuma suna casa.

Dalilin wannan albarka shi ne Madatsar Ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan ake sako ruwa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure, abin da ya ba manoman yankin damar yin noma rani da damina. Duk wanda ya ziyarci kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan tsakanin tsakiyar sanyi da farkon bazara zai ga sakamakon wannan aiki da idonsa: kwanduna jere iya ganinka, ana loda su zuwa Legas da sauran biranen kudu. Zai kuma ga matsalar da ke tattare da shi. Tumatir ba ya jira. Idan kaya ya yi yawa a rana ɗaya farashi yakan faɗi warwas, manomi ya sayar da hasara ko ya yanka ya shanya a ƙasa. A shekarar 2016 kuma tsutsar tumatir ta cinye gonaki masu yawa a jihar, har kayan miya suka gagari talaka. Muna ganin jami'in gona da bai taɓa tsayawa a wannan kasuwa a ranar da kaya ya yi kwantai ba, bai gama sanin aikinsa ba tukuna.

Masu isasshen lokaci suna iya ƙarasawa Tiga su ga madatsar kanta, ko su ratsa Rano, wadda ke cikin Hausa Bakwai. Ba mu ba da shawarar a zarce zuwa Dajin Falgore ba sai an tuntuɓi hukumomin tsaro na yankin.

Hanyar Maiduguri

A wannan ɓangare akwai kasuwar goro ta Mariri, sai kuma Wudil, mai nisan kimanin kilomita 40. Kasuwar Wudil ranar Juma'a take ci, kuma tana cikin manyan kasuwannin shanu na Arewacin Nijeriya. Ciniki a kara ba ya yiwuwa sai da dillali, wanda ke tsayawa tsakanin mai dabba da mai saye ya karɓi la'adarsa, shi ne kuma shaida idan daga baya aka yi zargin dabbar ta sata ce. Baƙo ya nemi dillalin da shugabannin kasuwa suka sani. Ana so a isa da hantsi, domin bayan an sauko daga Masallacin Juma'a cunkoso kan yi yawa a wajen gadar garin.

Arewacin birni

Kasuwar Dawanau da ke Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, a kan hanyar Katsina, an kafa ta a shekarar 1985, kuma ana lissafa ta cikin kasuwannin hatsi mafi girma a Afirka ta Yamma. Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo duk ana sayar da su buhu-buhu, fatake kuma na zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru. Ba ta da rana, kullum ci take yi. Amfanin ziyararta ga manomin karkara shi ne ya ji farashin buhu da kunnensa, ya ga yadda ake tantance kaya mai tsabta da mai tsakuwa, domin ya san abin da zai faɗa wa ɗan sari idan ya same shi a ƙauye. A lura cewa kwanon awo ba ɗaya ba ne a kowace kasuwa, don haka a tambaya kafin a kwatanta farashi. Kasuwar Ɗambatta kuwa ranar Lahadi take ci, ta kuma yi fice wajen dabbobi da hatsi. Ga kayan gwari, akwai Kasuwar 'Yankaba a kan Titin Haɗeja.

Cikin ganuwa

Ya kamata a ware wa tsohon birni wuni guda. Daga Gyaɗi-Gyaɗi Titin Zariya na kai mutum Ƙofar Nasarawa. Kafin a shiga, ana iya ratsawa Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a shekarar 1909. Gini ne na ƙasa mai daurin guga, kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ce ke kula da shi.

Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar Kano, sarakunan da suka biyo baya suka faɗaɗa ta. Mafi yawan abin da baƙo zai gani a ciki yana komawa ne ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499): Gidan Rumfa, wato fadar Sarki, da Kasuwar Kurmi, da Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar tarayya. A can ake ganin kayan yaƙi da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Shiga fada kuwa sai da izini.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yanzu tana aiki da baba da toka da katsi kamar yadda aka gada, kodayake rijiyoyi da dama sun daina aiki saboda yadin kanti da rinin zamani sun janye masu saye. Kurmi kuwa lungunanta ba sa ɗaukar mota. A ajiye bas a nesa a shiga da ƙafa, a ga 'yan sirdi da dukawa da masu sayar da kayan yaji. Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a 2013, a-daidaita-sahu ce abin hawa tsakanin waɗannan wurare. A rufe da hawan Dutsen Dala da yamma, mazaunin Barbushe da mutanensa tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999, inda ake hango birnin gaba ɗaya.

Daga saman Dala ne mutum zai gane yawan abin da ganuwa ta rasa. An sanya ta cikin jerin wucin-gadi na wuraren tarihi na UNESCO a 2007, amma ruwan sama da ɗibar ƙasa da gine-gine sun cinye sassa masu yawa, har akwai wuraren da sai an nuna wa yaro sannan ya san ganuwa ta taɓa bi ta nan. Garuruwa da yawa na karkara ma suna da ragowar ganuwa da tsofaffin marinai da kukoki masu tarihi waɗanda ba a rubuta komai a kansu ba. Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi da su rubuta sunayen irin waɗannan wurare da abin da dattawa suka sani game da su, su miƙa wa Hukumar Tarihi da Al'adu.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan zagaye shi ne daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, sa'ad da amfanin gona ya shigo kasuwa, hanyoyin ƙauye kuma suka bushe. Makarantu da ƙungiyoyi su aika da takardar sanarwa ga shugabannin kasuwa da masu kula da gidajen tarihi aƙalla mako guda kafin zuwansu, a nemi izinin mutum kafin a ɗauki hotonsa, kuma a tsara tafiya yadda za a dawo gida kafin magariba.