Galileo, Muhammadu Bakatsine da Rigimar Ilmin Taurari

Kusan dukkanmu mun ji labarin Galileo a makaranta. Shi ne mutumin Italiya da ya dubi sama da madubin hangen nesa a shekarar 1609, ya goyi bayan Copernicus cewa ƙasa ce ke kewaya rana. A 1633 kotun cocin Katolika a birnin Rum ta tilasta masa janye maganarsa, aka tsare shi a gida har ya mutu a 1642. Daga nan da yawanmu muka ɗauka cewa kimiyya da addini ba sa ga maciji. A ganina wannan rigimar Turai ce aka ɗora mana. Tamu rigimar daban take.

A ƙasar Hausa addini ne ma ya tura malamai duban sama. Alƙibla, lokutan salla da tsayuwar wata duk suna bukatar hisabi. Malamai sun raba shekara zuwa taurari 28, kowane da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365. Dattawan manoman Ƙaraye da Rogo da wannan lissafi suke tambayar ko Nasara ta shiga, ko Ɗarfa ta kama, don sanin inda damina ta kai. Ba a taɓa kai kowa gaban alƙali kan haka ba. Inda aka ja daga shi ne a kan mai cewa tauraro zai gaya maka ranar aure, ko sa'ar tafiya, ko ajalin maƙiyinka.

Mutumin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatani Bakatsine, wanda Larabawa ke kira Al-Kashnawi. Ya yi karatu a ƙasashenmu, ya tafi aikin hajji wajen 1730, ya zauna a Alƙahira. Can ya sauka gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti, masanin falaki kuma mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar, Abdurrahman Al-Jabarti. Ku duba fa, Bakatsine ne ke koyar da malamin Masar ilmin hatimi! Littafinsa Bahjatul Afaƙ ya bayyana dabarun tsara lambobi cikin gidajen hatimi, yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Wannan lissafi ne tsantsa, kuma masana tarihin lissafi na ambatonsa a kai. Amma shi ɗin dai ya rubuta Durrul Manzum kan ɗalasimai da tasirin taurari. Masu son su mai da shi farfesan jami'a irin na yau sukan tsallake wannan, ni kuwa ban ga dalilin ɓoyewa ba. Kepler ma, wanda ya gano yadda duniyoyi ke kewaya rana, duban taurari yake yi wa manyan mutane su biya shi. A wancan zamani ba a gama tsince shinkafa daga tsakuwa ba, can da nan. Bakatsine ya rasu a gidan Al-Jabarti a 1741.

Shugabannin jihadin Sakkwato ne suka tsananta wajen shata iyaka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Tanbihu Ahlil Fuhum, yana gargaɗin a guji masu rufa-ido da 'yan duba. Wani zai zaci ke nan ya ƙyamaci ilmin sama baki ɗaya. To, da Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya nuna masa kayan awonsa da taswirar sama, sai ya tarar Bello ya san buruji goma sha biyu da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Da ya sake dawowa a 1826, cikin tsarabar da ya kawo har da littafin Euclid na ilmin awo cikin Larabci. Bello ya yi murna ƙwarai, ya shaida masa cewa dā ma suna da irinsa, wani ɗan uwansu ya kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi.