Hafsan da ya ce a'a

Mai karatu, wanda ya hana a harba bom, za a ce ya ceci rayuka? Ga labari, ka yanke hukunci.

Ran 27 ga Oktoba 1962, Amurka da Tarayyar Sobiyet suna gab da yaƙi saboda makaman da Sobiyet ta girka a tsibirin Kuba. Jiragen ruwan Amurka suka kewaye wani jirgin Sobiyet mai tafiya ƙarƙashin teku, suna jefa ƙananan bama-bamai don ya fito. Shugaban jirgin ya ɗauka yaƙi ya ɓarke, ya nemi harba makamin nukiliya. Amma sai hafsoshi 3 sun yarda. Biyu suka amince, Basili Arkipob ya ƙi. Jirgin ya taso, ba a harba kome ba.

Waɗansu na cewa ƙin kisa ba ceto ba ne, wajibin kowa ne. Gaskiyarsu. Amma Arkipob ba hannunsa kaɗai ya janye ba, hannun wani ya riƙe. Ka tuna, bom guda ya kashe wajen mutum 140,000 a Hiroshima a 1945. Wanda ya take garwashi a gindin rumbu ba a yi masa guɗa, amma albarkacinsa gida ya ci tuwo.