3.2 Tsarin Kiwon Lafiya Matakin Farko da Yaƙi da Cututtuka a Nijeriya, 1985 zuwa 1996

Kamar yadda aka yi bayani a sashen da ya gabata, taron Alma-Ata na shekarar 1978 shi ne ya aza harsashin kiwon lafiya matakin farko. Amma a Nijeriya tsarin bai kankama ba sai da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya a 1985. A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 domin gwaji, aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka da ungozomomi. Shekara guda bayan haka ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako, wanda ya tanadi a riƙa sayar da magani da rahusa a ɗakin shan magani, a juya kuɗin a sake sayo wani.

Alƙaluman gwamnati sun nuna cewa a 1990 allurar rigakafi ta kai ga kusan kashi 80 cikin ɗari na yara. Sai dai a ganin mai wannan bincike, nasarar ta fi dogara ga gangami da tallafin hukumomin waje irin su UNICEF, ba ga ƙarfin ɗakunan shan maganin ba. Allurar ƙyanda, alal misali, tana lalacewa idan ta sha zafi. Ke nan tana bukatar firji, firjin yana bukatar kananzir ko lantarki, ma'aikacin da zai kai ta ƙauye kuma yana bukatar babur da albashi a kan kari. Duk wannan nauyi an ɗora shi a kan ƙananan hukumomi, alhali tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya riga ya karya darajar naira. Da rikicin siyasar 1993 ya sa masu tallafi suka ja da baya, sai ginin ya fara zubewa.

Sakamakon haka ya fito fili a 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, ta kama mutum sama da 100,000, fiye da 11,000 suka rasu. A Kano ta haɗu da ƙyanda da kwalara a lokaci guda, asibitoci suka cika maƙil. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya gano cewa kashi 13 cikin ɗari ne kawai na yara suka sami cikakkiyar rigakafi.