Daga Fijo zuwa Beljiyom: kuɗin da mota ke ci bayan an biya kuɗinta

Rubutun wannan mako ya samo asali ne daga gardamar da ta kaure a ƙarƙashin hoton wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, da wani ƙanenmu ya ɗora yana neman shawara. Dillali ya yi masa farashin da bai kai na tsohuwar Corolla ba, shi kuma kuɗin albasarsa na bana na hannu. Masu cewa ya saya sun fi yawa. Mu dai mun ga ya dace mu koma baya kaɗan, mu duba yadda aka yi mota mai tsada a Turai take zuwa mana da araha, da kuma inda ake biyan cikon kuɗin.

Dattawanmu na Dangamaji da Jega sun san zamanin da sayen mota ke nufin sabuwa fil. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, daidai lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika aljihun ma'aikata, ga kuma bashin mota da gwamnati ke ba su. Fijo 504 ta zama motar hukuma, ta zama motar haya, fikof ɗinta ya zama jakin 'yan kasuwa. Ba raguwa ba ce ko a fagen gudu: ita ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, 'yar uwarta mai ƙofa biyu ta sake lashe shi a 1978. Abin da ya sa ta zauna da mu shi ne tana da tsayi daga ƙasa, injinta na kafireta ne, kuma duk bakaniken da ke bakin tasha daga Sakkwato zuwa Yawuri ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Idan ta tsaya a daji, da sifana da waya ake tayar da ita.

Wannan zamani ya ƙare a 1986. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP ta karya darajar naira, cikin shekara guda sai da dala ta kai kusan naira 4, kuma ba ta daina hawa ba. Kayan da ake haɗa Fijo da su daga Faransa suke zuwa, saboda haka sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da akawu. A nan ne ta-hannu ta samu shiga. Yarabawa suka kira ta tokumbo, wato wadda ta ƙetaro teku, mu kuma muka kira ta Beljiyom.

Sunan ba a banza ya zo ba. A birnin Burasel akwai unguwar da ke kewaye da titin Heyvaert, inda ake tara tsofaffin motoci daga Jamus da Faransa da Holan, a loda su a jirgin ruwa a tashar Antwerp zuwa Afirka ta Yamma. Mafi yawansu a Kwatano suke sauka, saboda harajin Jamhuriyar Benin ya fi na Legas sauƙi. Daga manyan filayen ajiye motoci da ke hanyar Porto-Novo, inda 'yan kasuwar Labanan suka yi kaka-gida, a da direbobi kan jero su zuwa Parakou, su wuce Malanville, su haye gadar Kwara zuwa Gaya. A takarda Nijar za su je. A zahiri kuwa, daga Gaya zuwa Kamba taku nawa ne? Wasu su ɓullo ta Ƙonni zuwa Illela, wasu ta Maraɗi zuwa Jibiya. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, sabbin ma'aikata suka cika Birnin Kebbi, kasuwar ta ƙara buɗewa, kuma Jega da ke kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Kwantagora ta ga rabonta na dillalai da direbobin fito da masu kayan gyara. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ma ba ta kawo ƙarshen wannan zirga-zirga ba.

Kowane ƙarni da motar da ke ɗauke masa hankali. An yi yayin Marsandi V-boot, an yi na Honda Hala, aka zo kan End of Discussion da Camry Muscle. Golf kuwa ta gaji Fijo a tasha, saboda dalilin da ya ɗaukaka Fijo tun farko: gyaranta ba wuya, kayanta ko'ina akwai.

To a nan ne maganar jar motar ƙanenmu take. Farashin ta-hannu a kasuwarmu ba daga kyawun mota yake fitowa ba. Daga yawan masu neman ta yake fitowa, su kuma masu neman suna bin wadda ake samun kayanta. Shi ya sa za ka ga BMW ko Marsandi mai ƙofa biyu, wadda sabuwarta ta ninka Corolla kuɗi, ta dawo ƙasa da ita bayan shekara 15. Baturen da ya rabu da ita ya yi lissafi, ya ga gyaran da ke tafe ya fi ƙimar motar, sai ya miƙo mana ita da gyaran a cikinta.

Mu lissafa abin da ke jiran mai ita a ƙasarmu. An ƙera ta ne don shimfiɗaɗɗen titi, cikinta na kusa da ƙasa. Hanyar da za ta kai shi gida da damina, ga zaizayar ruwa ga sawun manyan motoci, rana ɗaya ta isa ta fasa tukunyar baƙin mai ko ta tsinke salansa. Tayoyinta siririn baki gare su, rami ɗaya ya kumbura taya ya lanƙwasa rim, kuma ba girman da mai faci ke ajiyewa ba ne. Zafin watan Afrilu na Kebbi, da kan haura digiri 40, yana busar da robobin lagireto waɗanda dama sun tsufa, kuma injin irin wannan idan ya yi zafi sau ɗaya, sai an buɗe kansa. Baƙin man da take sha ba na durum ba ne. Fetur ɗin 'yan bumburutu, mai ƙura da ruwa, shi ne ajalin famfon mai da nozul. Ko na gidan mai ba kullum ake tsira ba. Muna tune da Fabrairun 2022, lokacin da gurɓataccen fetur mai yawan methanol ya lalata injina a ƙasar nan, kuma abin dariya, shi ma daga Antwerp aka yo lodinsa.

Sai babbar matsala, ƙwaƙwalwar mota. Ta zamani ba a gano ciwonta da kunne, sai an jona mata na'ura. Bakaniken da ya ƙware a kan Golf zai yi ta canza fulogi da sensa yana lalube, kai kana biya. Idan an gano, kayan sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, a jira direban da zai zo da shi, wani lokaci ya zo bai yi daidai ba a mayar. Wani abokinmu ya sayi irinta bayan ya sayar da shinkafar rani. Wata huɗu ya hau ta. Giya ta ƙi shiga, mota ta shekara a ƙarƙashin darbejiya a gareji, kaji na ƙwai a cikinta, shi kuma ya koma bayan kabu-kabu. Da ya gaji ya sayar wa masu yanka motoci, abin da suka ba shi bai kai kuɗin gyaran da ya riga ya kashe ba.

Ga kuma takarda. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan ta rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Motoci ba su daina shigowa ba, sai dai da yawansu ba su da sahihin duti. Duk motar da arahar ta ta yi yawa, takardar kwastan ce abin fara tambaya, domin ranar da aka tare ka a hanyar Koko ko Yawuri dillali ya daɗe da cinye la'adarsa. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sa an toshe gadar Gaya da Malanville, tsohuwar hanyar ta ƙara tsukewa.

A waccan shekarar ce lissafin ya birkice gaba ɗaya. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yuni aka saki naira, dalar da ke kusan 460 a farashin hukuma ta wuce 1500 a farkon 2024, kuma kowane ƙarfe na gyara da dala ake sayo shi. Mota mai silinda shida ko takwas ta zama kaya a wuyan mai ita. Da yawan waɗanda ake tallatawa yanzu da sunan Beljiyom sun yi shekaru a Abuja ko Kaduna, masu su ne suka kasa shayar da su.

Ba mu ce sha'awa laifi ce ba. Mu ma mukan tsaya kallo idan irinta ta wuce a ayarin biki, kuma wanda ke da wata motar ta yau da kullum, da rarar da ba ta jarin noma ba, ya saya ya more. Ƙanenmu dai motarsa ta farko ke nan, kuma kuɗin da ke hannunsa su ne na iri da taki da man injin ban-ruwa na baɗi. Kafin ya biya, ya kai lambar shasi ofishin kwastan a tantance dutin, ya sa a jona mata na'ura a gabansa, sannan ya kira Ƙofar Ruwa ya tambayi kuɗin giya da na famfon mai. Masu irin wannan mota a Aliero da Maiyama, ku rubuto mana a ƙasa abin da kuka kashe mata daga Sallar bara zuwa yau, har da kuɗin janwe.