Tarihin Shigowar Sababbin Kafofin Koyarwa Cikin Aji a Kudancin Kaduna

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda malaman makarantun da ke kudancin Kogin Kaduna suka fara amfani da kafofin sadarwa wajen koyarwa, domin a gano abin da ke sa sabuwar kafa ta karɓu a cikin aji ko ta kasa.

Idan aka waiwayi tarihi, za a ga cewa masana'antu ne suka raya wannan yanki. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a shekarar 1957, sannan wasu masaƙu suka biyo baya, kana kamfanin harhaɗa motoci na Peugeot ya fara aiki a 1975. Wannan ya jawo leburori daga sassa daban-daban suka zauna a Kakuri da Makera da Nasarawa, 'ya'yansu kuma suka cika makarantu. Kafin haka akwai Kwalejin Queen of Apostles a Kakuri, wadda gwamnati ta karɓa daga hannun mishan a 1972, ta koma Kwalejin Sarauniya Amina.

Rediyo da talabijin su ne kafofin farko da suka kutsa cikin aji. A shekarar 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, kuma Ma'aikatar Ilimi tana da sashe na musamman mai shirya darussan da ake watsa wa makarantu. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Fasahar Koyarwa ta Ƙasa a Kaduna domin ci gaba da wannan aiki. Sai dai darasin rediyo yana da lokacinsa ƙayyadadde, ba ya jiran kowa. Saboda haka dole malami ya daidaita jadawalinsa da na gidan rediyo, ya share wa ɗalibai fage kafin a fara, sannan ya yi musu bita bayan an gama. Inda malami bai yi haka ba, sauraro kawai ɗalibai ke yi, su tashi ba su ƙaru da kome ba.

Bugu da ƙari, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya sa yara suka yi wa ƙwararrun malamai yawa. Wannan ne ya sa aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara, domin horar da malamai suna kan aikinsu.

Bayan wannan sai kwamfuta, wadda aka tsara manufar koyar da ita a makarantun ƙasar nan a 1988, sannan wayar salula a 2001. Amma sun zo ne a daidai lokacin da masaƙun Kakuri ke durƙushewa, domin KTL ta rufe a 2002. Iyaye da dama sun rasa aikin yi, ga kuma matsalar wutar lantarki, don haka ba kowane ɗalibi ya samu damar taɓa su ba. Hasali ma, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, rediyo da talabijin Gwamnatin Jihar Kaduna ta koma wa domin isar da darussa ga ɗalibai a gidajensu.

Duk da haka, intanet ta zo da abin da rediyo bai zo da shi ba, wato ɗalibi yana iya rubuta insha'i wasu su karanta, su kuma mayar masa da martani. Wannan ya ƙara wa malami nauyi, domin shi zai zaɓi batu, ya gyara ƙa'idojin rubutu, ya kuma kula da wanda zai ga aikin yaran.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kowace kafa ta dogara ne a kan horon da malami ya samu da kuma halin da iyaye ke ciki. A sashe na gaba za a duba irin horon da ake ba malaman Hausa a wannan fanni.