Gangunan Sabha da Tukunyar Tajura

Tsakanin 1978 da 1981 gwamnatin Kanar Gaddafi ta sayi tan 2,263 na garin yuraniyom mai launin ɗorawa daga Nijar, ta jibge shi cikin ganguna a wani rumbu kusa da Sabha, babban birnin Fazzan. Garin nan ba ya ƙera bam sai an tace shi an inganta, aikin da Libiya ta yi ta fafutuka ba ta cimma ba. Illarsa ga wanda ya shaƙi ƙurarsa ce, domin tana taɓa ƙoda.

A wannan zamanin ne kuma Tarayyar Sobiyet ta gina wa Libiya tukunyar nukiliya ta bincike mai ƙarfin megawat 10 a Tajura, gabas da Turabulus. Makamashinta yana lulluɓe da siririn kwanson alminiyom, a nutse cikin ruwa. Muddin kwanson bai tsage ba, burbushin da yuraniyom ke haifarwa idan ya rabe yana kulle a ciki. Da ya tsage, ruwan ne zai tona asiri. Ma'aikatan irin waɗannan tukwane kan ɗebi ruwan su auna, su nemi aidin-131 da siziyom-137, a saman ruwan kuma su saurari iskar zinon da kiripton. Idan an ga alama, sai a riƙa ware sandunan makamashin ɗaya bayan ɗaya cikin wani mazubi, a auna ruwan kowace har a kama mai yoyo. Ƙaramar tukunyar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, ita ma ana sa ido a kan ruwanta.

A Disamba 2003 Gaddafi ya yi watsi da shirin makaman nukiliya. Aka fara mayar da makamashin Tajura mai ƙarfi zuwa Rasha a 2004, a 2006 aka sauya wa tukunyar makamashi mai rauni. Ragowar kilo 5.2 ce ta tayar da hankali a ƙarshen 2009: an riga an zuba ta cikin manyan mazubai bakwai, sai Gaddafi ya hana jirgi ɗauka, masana kuwa suna fargabar zafi ya tsaga su. Sai a Disamba kayan suka tashi.

Gangunan Sabha dai aka bar su a inda suke. Bayan faɗuwar gwamnati a 2011 'yan jarida suka iske su ba mai gadi. A 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ganga 6,400 ne. Ganga ba ta da ruwan da za a auna. Sai mutum ya je ya ƙirga da idonsa, yaƙi kuwa ya sha hana zuwa.

A Maris 2023 shugaban hukumar nukiliya ta duniya, Rafael Grossi, ya sanar cewa ganga 10, kimanin tan 2.5, ba sa inda aka ajiye su a wani rumbu na kudancin Libiya. Washegari dakarun Khalifa Haftar suka ce sun tsince su kilomita 5 daga wurin. Kakakinsu ya ce mai yiwuwa ɓarayin sun zaci makamai ne a ciki. Da masu binciken hukumar suka koma, sun tabbatar an samu akasarin kayan, saura kaɗan da ba a gano ba.